Kafin a Kwashe Sabobin Kamfani Zuwa Linux

A farkon shekarar 2024 takardar sabunta lasisi ta iso teburin akantan wani kamfani da nake kula wa da kwamfutoci a nan Katsina. Kamfani ne na dillancin taki da hatsi da kayan masarufi, hedikwatarsa na cikin gari, sito-sitonsa na Funtua da Malumfashi da Daura. Adadin dalar da ke jikin takardar bai yi nisa da na bara ba. Naira ce ta sauya. A farkon watan Yunin 2023 ana canza dala ɗaya a hukumance kan kusan naira 460, kafin Babban Banki ya saki farashin, zuwa Fabrairun 2024 kuwa ta haura 1,500. Akanta ya buga lissafi sau biyu, ya ɗauki takardar ya nufi ofishin mai kamfani. Ba a jima ba aka aiko kirana.

"Malam, bismillah zauna," in ji Alhaji. "An ce mini akwai wata manhaja da ake samu kyauta, wadda za ta yi duk aikin da wannan ke yi. Gaskiya ne?"

"Ranka ya daɗe, akwai ta, kuma ba a sayen ta. Amma komawa kanta akwai kuɗi, akwai wahala."

Ya ɗaga takardar. "To wanne ya fi yawa, kuɗin komawar ko wannan?"

Ban ba shi amsa a ranar ba. Duk wanda ya amsa irin wannan tambaya nan take, ko dai bai san aikin ba, ko kuma akwai abin da yake son ya sayar. Sai da muka kwashe watanni muna bincike kafin in koma masa da lissafin da zan iya tsayawa a kai, kuma abin da na gani a watannin nan shi ne ya sa nake wannan rubutu, domin na san ba mu kaɗai ba ne takardar dala ta tayar wa hankali.

Ga wanda ba ya cikin harkar, saba kwamfuta ce da ba a zama gabanta a yi rubutu. Tana kulle a ɗaki mai sanyi, a kunne dare da rana, sauran kwamfutocin kamfani na zuwa wurinta su ɗebi bayani su ajiye. Idan mai karɓar kuɗi a Daura ya buga rasit, sabar da ke Katsina ce ke rage buhunan daga lissafin sito. Albashin ma'aikata, wasiƙun imel, sunayen masu bashi da ranar biyansu, duk a cikinta suke kwana. Kowace saba kuma tana da babbar manhaja, wadda ita ce ke tsakanin ƙarfen da sauran manhajojin aiki, tana raba musu wuri da lokaci, tana tantance wa zai shiga wa ba zai shiga ba. A kamfanoni da ma'aikatu da yawa na ƙasar nan, Windows Server ta kamfanin Microsoft ce ke wannan matsayi.

Kishiyarta ita ce Linux. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin da shirin GNU na Richard Stallman ke ginawa tun 1983. Abin da ya bambanta ta shi ne lasisin da aka sake ta a ƙarƙashinsa, wato GPL, wanda ya ce kowa na da damar karanta asalin rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya rarraba, da sharaɗin cewa in ya rarraba gyaransa shi ma zai buɗe wa na gaba. Wannan ne ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja. A nan mutane ke ruɗewa, su ɗauka buɗaɗɗe da kyauta abu ɗaya ne. Kamfanin Red Hat, mai fitar da irin tasa Linux, bai taɓa rufe ƙofa don rashin ciniki ba; abin da yake sayarwa shi ne tallafi, faci a kan lokaci (wato gyaran da ke toshe ɓaraka a manhaja), da wanda za ka kira in abu ya tsaya cikin dare. Cinikin ya kai har IBM ta saye shi a 2019 kan kusan dala biliyan 34.

Kafin a yi maganar ƙaura, ya kamata a fahimci yadda kuɗin lasisi ke taruwa, don mutane da yawa ba su san abin da suke biya ba. Tun daga fitowar Windows Server 2016, Microsoft na ƙidaya lasisi ne da yawan ƙwayoyin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar, kuma ba a sayen ƙasa da na ƙwaya 16 ga kowace saba, ko da tata ba ta kai haka ba. Bayan wannan, kowane ma'aikaci ko kowace kwamfuta da za ta shiga sabar na buƙatar nata lasisin shiga daban. Rumbun bayanai na SQL Server shi ma da nasa kuɗin. Sannan akwai ranar da mai manhaja ke janye hannu: Windows Server 2012 ta daina samun faci a ranar 10 ga Oktoban 2023, sai ga wanda ya biya kuɗin ƙarin wa'adi. Masu amfani da VMware, manhajar da ke tsaga ƙarfe ɗaya ya zama sabobi da yawa kamar a raba gida zuwa ɗakunan haya, su ma sun ji a jikinsu, domin bayan Broadcom ya saye kamfanin a Nuwamban 2023 an daina sayar da lasisin mallaka na dindindin, sai haya. Duk wannan da dala ake yanka shi, alhali mai sayen taki a Malumfashi naira yake kawowa.

Ko Linux za ta iya ɗaukar nauyin babban kamfani, wannan ba abin muhawara ba ne yanzu. Tun Nuwamban 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk a kanta suke tafiya. Microsoft da kansa ya faɗa cewa fiye da rabin sabobin da ake haya a dandalinsa na Azure Linux ce a cikinsu. Kasuwar hannayen jari ta Landan, wadda tsohon tsarinta da ke kan Windows ya tsaya cak kusan sa'o'i bakwai a ranar 8 ga Satumban 2008, ta sayi kamfanin MillenniumIT na Siri Lanka a 2009, ta koma kan tsarinsa mai tafiya da Linux a Fabrairun 2011. Amma a lura, cikin makonni biyun farko na komawar sai da aka sake dakatar da ciniki na wasu sa'o'i. Masu kuɗi da ƙwararru irin waɗannan ma sun yi tuntuɓe a bakin ƙofa. Masaukin lafiya ƙalau yake, hanyar ce ke da gargada.

Aikin farko, wanda ya fi kowanne cin lokaci kuma ba wanda ke son yin sa, shi ne ƙidaya. A zauna a rubuta kowace saba, me ke cikinta, wa ke amfani da ita, da wa take magana, me zai tsaya in an kashe ta. Na ɗauka mako biyu zai ishe mu, tunda ni ne ke shiga ɗakin sabobin kullum. Ashe wasu ayyukan ba a ɗakin suke ba. A siton Funtua, ƙarƙashin teburin mai auna kaya, muka tarar da wata tsohuwar kwamfuta ƙura ta rufe fankarta, an jingina mata kwalin takardu. Ita ce ke karɓar nauyin tirela daga sikelin auna mota, ta buga takardar rakiyar kaya, sannan da tsakar dare ta tura lissafin ranar zuwa Katsina. Wanda ya haɗa wannan tsari ya bar aiki shekaru da suka wuce, bai bar ko layi ɗaya a rubuce ba. A bayanta akwai ɗan makulli mai kama da filasha, in ka zare shi manhajar sikelin ba ta buɗuwa, kuma masu manhajar ba su taɓa yin ta don Linux ba.

Na tambayi dattijon da ke kula da sikelin ko ta taɓa ba shi matsala. Ya ce, "Yaro, ni dai abin da na sani, in an ɗauke wuta ta mutu, sai na danna nan, in jira koren nan ya kawo. Ranar da bai kawo ba, motoci na yin layi har titi." Da mun kashe tsohuwar sabar Katsina ba tare da mun san wannan na'ura na aiko mata da saƙo kowane dare ba, da lissafin sito ya riƙa rarrabuwa a ɓoye, sai odita ya zo a ƙarshen shekara a fara zargin mutanen da ba su ci ba ba su sha ba. Wannan tunani ya daɗe yana damuna. Kuskuren mai kwamfuta a Katsina na iya jawo wa mai gadin sito a Funtua sunan ɓarawo. Shi ya sa na ce ƙidayar ba a ofis ake yin ta ba, sai an taka an je, an tambayi masu aikin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan ƙidaya za ka ga kayan ba nauyinsu ɗaya ba. Shafin intanet na kamfani, wurin ajiye fayil, sabar da ke raba wa kwamfutoci adireshi, waɗannan ba sa gardama, cikin 'yan kwanaki an mayar da su. Gardamar na farawa ne daga manhajojin da aka rubuta wa kamfani musamman. Da yawansu an gina su kan tsohuwar .NET Framework, wadda ba ta tafiya sai kan Windows. Tun 2016 Microsoft ya fitar da sabuwar .NET da ke aiki kan Linux, amma ɗauke tsohon gini zuwa sabon tushe na nufin a nemo mai rubuta manhaja ya bi rubutun layi-layi, kuma sai in asalin rubutun na hannunka. Mu ma sai da muka yi ta bin sawun wanda ya yi mana kwangilar tun farko kafin mu samu namu. Duk mai kamfanin da ke karanta wannan, ya duba yau ko takardar kwangilarsa ta ce asalin rubutun manhajar mallakarsa ne, tun kafin buƙatar ta taso.

Rumbun bayanai ne ya fi ba mu aiki, kuma a nan harshenmu ya shigo. Akwai zaɓi biyu. SQL Server na tafiya kan Linux tun 2017, sai dai kuɗin lasisinsa na nan daram. Ko kuma a koma PostgreSQL, wanda shi ma buɗaɗɗe ne. Mun zaɓi na biyu. A ranar gwajin farko, wata ma'aikaciya a sashen bashi ta rubuta "musa" da ƙaramin baƙi tana neman wani abokin ciniki, allo ya ce babu. Ta sake, babu. Ta waiwayo ta ce, "Malam, kun goge mana mutane." Ba a goge kowa ba. Tsohon rumbun, yadda aka saba saita shi, ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, sabon kuwa yana bambantawa sai an koya masa. Haka ma sunayen fayil: a wurin Windows, Rasit.pdf da rasit.pdf abu ɗaya ne, a wurin Linux fayil biyu ne daban. Har karkatacciyar sandar da ke raba sunayen manyan fayil a adireshi, kowanne da ɓangaren da yake karkatar da tasa. Ƙananan abubuwa ne, amma kowanne na iya tsayar da buga rasit da safiyar ranar kasuwa.

Sai baƙaƙe masu lanƙwasa. Tsohon rumbun an gina shi ne da jadawalin haruffan Yammacin Turai, wanda bai san ɗ da ƙ da ɓ ba. Shekara da shekaru ma'aikata kowa na dabararsa: wani ya rubuta Dan, wani 'Dan, wani D'an, wanda kuwa ya yi ƙoƙarin saka Ɗ ta gaskiya sai rumbun ya mayar da ita alamar tambaya. Muka tarar da dillali ɗaya daga Ɗanja yana da asusu uku, kowanne da guntun bashinsa. Ƙanƙara da Ƙafur kowacce an rubuta ta iri-iri. Sabon rumbun na amfani da tsarin UTF-8, wanda ke karɓar haruffanmu yadda suke, har da na ajami in ana so, kuma na ji daɗin wannan ƙwarai, ganin sunan mutum ya fito daidai a rasit. Amma harafin da ya riga ya zama alamar tambaya ba na'urar da za ta dawo da shi. Sai da muka zaunar da tsofaffin ma'aikata biyu da suka san mutanen fuska da fuska, suna duba suna suna cewa wannan wane ne, wannan ɗan wane ne. Ba Linux ce ta haifar da wannan ɓarna ba. Ƙaura ce ta ɗaga tabarma aka ga abin da ke ƙasa, kuma ya kamata a saka kuɗin sharar cikin kasafi tun farko.

Akwai kuma Active Directory, rajistar da ke riƙe sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu da iyakar inda kowa zai shiga. Manhajar Samba na iya yin wannan aiki a kan Linux, amma tunda kwamfutocin teburin ma'aikata na kan Windows, shawarata ita ce a bar wannan sai ƙarshe, ko ma a bar shi inda yake. Sabobin Linux na iya shiga ƙarƙashinsa ba tare da rigima ba. Ba dole ne komai ya ƙaura ba, kuma masu cewa sai an kori Windows kakaf kafin a ce an yi nasara, aƙida suke bi ba maslahar kamfani ba.

Batun lokaci ma babba ne. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa sama da miliyan biyar zuwa sabon tsari cikin ƙarshen mako ɗaya. Ba ƙaura zuwa Linux ba ce, amma darasin ya shafi kowace ƙaura. Mutane masu ɗimbin yawa suka kasa shiga asusunsu, wasu suka riƙa ganin bayanan wasu, rikicin ya ja makonni. Shugaban bankin ya sauka a Satumba, asarar ta kai kusan fam miliyan 330, daga baya hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48 a Disamban 2022. Mu dai muka bi a hankali, reshe-reshe. Muka fara da mafi ƙarancin ciniki, tsohon tsari da sabo na tafiya tare, kowace yamma a kwatanta lissafinsu, sai sun yi daidai kwanaki a jere kafin a kashe tsohon. Kuma kalandarmu ba ta masu sayar da manhaja ba ce. Ba a taɓa sabar kamfanin taki a farkon damina, ba a taɓa ta hatsi da kaka, ba a taɓa ta kayan masarufi gab da azumi ko jajiberin salla, ba a taɓa kowacce a makon albashi. In ka cire waɗannan, ɗan abin da ya rage a shekara kaɗan ne, dole a tsara shi tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowane mataki sai da hanyar komawa. Kwafin ajiya da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ban ɗauke shi ajiya ba. A wurinmu abin ya fi tsanani saboda wuta. Kwashe rumbun bayanai na iya ɗaukar sa'o'i, in aka ɗauke wuta a tsakiya kuma janareta ya yi jinkirin kamawa, batiran da suka tsufa ba za su riƙe ba. Kafin daren ƙaurar babban rumbun sai da muka sauya batira, muka cika tankin dizal, muka ce wa mai kula da inji ya kwana a wurin.

Wace Linux za a ɗauka? Iri-iri ce, kuma labarin CentOS ya isa ya sa mutum ya yi tunani sau biyu. Shekaru da yawa kamfanonin da ke son ingancin Red Hat ba tare da biyan kuɗi ba suna amfani da CentOS, wadda kwafinta ce. A Disamban 2020 Red Hat ya sanar cewa CentOS 8, wadda aka yi alkawarin tallafa mata har 2029, za ta tsaya a ƙarshen 2021. Waɗanda suka gama ƙaura zuwa kanta ba da jimawa ba suka wayi gari da wata ƙaurar a gabansu. Ke nan buɗaɗɗiyar manhaja ma akwai masu iko a bayanta, kuma suna iya sauya ra'ayi. Amma dubi abin da ya biyo baya: cikin 2021 AlmaLinux da Rocky Linux suka fito suka maye gurbin, ta biyun ma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS ne, Gregory Kurtzer, ya jagorance ta. Da rufaffiyar manhaja ce, ba wanda ke da ikon yin haka. A ganina wannan ne ainihin ribar buɗaɗɗen tsari, fiye da rangwamen kuɗi: in mai gida ya sauya maka sharaɗi, akwai ƙofar fita da kayanka. Akwai kuma Debian, wadda 'yan sa kai ke gudanarwa tun 1993, da Ubuntu ta kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, mai fitar da zubi mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu, da faci na shekara biyar kyauta. Mu Ubuntu muka ɗauka, saboda dalili ɗaya: ita ce matasan da za mu iya ɗauka aiki a nan suka fi sani.

Kan tsaro, ba na son a yaudari kowa. Ana yawan cewa Linux ba ta kamuwa da cuta, kuma ba gaskiya ba ne. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL mai tsare sirrin saƙonni, wadda ɗimbin shafukan intanet ke dogaro da ita alhali mutane ƙalilan ne ke kula da ita. A Maris ɗin 2024 kuma aka gano wani ya shafe kusan shekara biyu yana neman amincewar masu kula da wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, har ya samu ya dasa ƙofar baya a cikinta. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura cewa shiga sabarsa na ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya bazu. Buɗewar rubutun ce ta ba shi damar tonowa, ita ce kuma ta ba mugun damar shigowa. Saba ko wace iri ce, in ba a yi mata faci ba, in an bar kalmar sirri ɗaya a hannun mutum goma, a buɗe take. Tun 2023 kuma Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, don haka sakaci da lambobin waya da asusun abokan ciniki ya wuce abin kunya kawai, akwai hukunci.

Duk abin da na faɗa zuwa nan na'ura ce. Abin da ya fi tsaya mini a rai mutane ne. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kammala mayar da kwamfutoci kusan 15,000 a 2013, sai ga majalisar birnin a 2017 ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. 'Yan sandan jandarma na Faransa kuwa sun bi ta wata hanya: a 2005 suka sauya manhajar rubutu, a 2006 ta shiga intanet da ta imel, sai a 2008 suka fara sauya babbar manhajar zuwa Linux, lokacin ma'aikata sun riga sun saba da kayan aikin. Waɗannan kwamfutocin tebur ne, sun fi saba wahalar sauyawa tunda kowa na taɓa su. Amma ko a ɗakin sabobi akwai zukata. Abokin aikina da ya shekara goma yana danna hotuna a allon Windows, da aka ajiye shi gaban baƙin allon da sai ka rubuta umarni da hannu, ya yi shiru na kwanaki. Daga baya ya same ni ya ce, "Yaya, gaya mini gaskiya, in an gama wannan aikin sallamata za a yi?" Mutumin da ke jin haka ba zai taya ka ƙaura da zuciya ɗaya ba, alhali shi ne ya san inda kowace waya ta bi. Muka ba shi tsohuwar na'ura ya riƙa gwaji, ya lalata ya gyara, aka biya masa horo. Yau shi ke riƙe da sabobin rassa.

Lissafin da na kai wa Alhaji daga ƙarshe ya nuna cewa a shekarar farko ba za mu tsira da komai ba, watakila ma mu ɗan ƙara, saboda horo da gyaran manhaja da tafiyar da tsari biyu a lokaci guda. Sauƙin na zuwa ne daga baya. Amma na nuna masa wani abin da ya fi wannan: kuɗin da a da ke fita da dala zuwa waje, yanzu mafi yawansa albashi ne da naira a hannun 'ya'yan garin nan. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, Al-Qalam, Kwalejin Hassan Usman Katsina, da ta tarayya da ke Daura, duk suna yaye masu karatun kwamfuta, da yawansu na yawo da takardu ba aiki. Linux ba ta neman izinin kowa kafin a koye ta. Tsohuwar laftof da data sun isa yaro ya kafa saba a ɗakinsa a Ƙofar Ƙaura ya koyi abin da ake yi a manyan kamfanonin duniya.

Haɗarin da ke tattare da wannan shi ne, yaron da ya ƙware ba ya rasa mai nema. Abuja za ta kira shi, Legas za ta kira shi, ko kamfanin waje ya ɗauke shi yana zaune a gida ana biyan sa da dala. Kamfanin da ya tsere wa dogaro da Microsoft ya koma dogaro da matashi guda ɗaya da komai ke cikin kansa, bai gyara komai ba, ya sake gina irin na'urar nan ta ƙarƙashin tebur a Funtua ne, wannan karon a jikin mutum. Don haka na nemi abu uku a wurin Alhaji: kada masu riƙe da sabobin su gaza biyu, a biya su abin da zai zaunar da su, kuma duk abin da aka saita a rubuta shi yadda baƙo zai karanta ya gane. Na biyun ne ya fi ɗaukar mu lokaci, domin a idon mai kasuwa takardar lasisi dole ce, ƙarin albashi kuwa alfarma ce. Ya amince bayan da akanta ya ajiye masa lambobin biyu gefe da gefe.

Na'urar sikelin Funtua tana nan kan Windows. Mun share mata ƙura, mun yanke ta daga intanet in ban da hanyar da take aika lissafin dare, mun sayi makulli na biyu mun kulle a akwatin hedikwata, kuma yanzu akwai takarda manne a bango da ke faɗin abin da za a yi in koren bai kawo ba. Saura sabar manhajar akanta, wadda ke kan Windows Server 2016, tallafinta kuma zai ƙare a Janairun 2027. Mun rubuta wa masu manhajar muna tambayar ko suna da niyyar fitar da wadda za ta hau Linux. In ba su da ita, sauya manhajar gaba ɗaya zai fara da zarar an gama hada-hadar kaka, kuma akanta ne zai ja ragamar wannan karon, mu muna biye, tunda shi ya san waɗanne rahotanni ne odita ke nema da kuma waɗanda Alhaji ke dubawa kowace safiyar Asabar.